Tutar Bahamas da keken guragu: yadda dokar naƙasassu ta shiga teku

Ƙofofin jirgin ruwa da yawa suna da dokin ƙofa na ƙarfe mai ɗan tudu, wanda aka yi domin hana ruwa kwarara cikin jirgi idan teku ta yi fushi. Mai ƙafa biyu yakan tsallake shi bai ma lura ba. Mai keken guragu kuwa a nan tafiyarsa take tsayawa. Wannan ɗan tudu yana cikin abubuwan da suka kai wata shari'a har Kotun Ƙolin Amurka.

A ranar 26 ga Yuli, 1990, Shugaba George H. W. Bush ya rattaba hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda aka fi sani da ADA. Dokar ta wajabta wa otal-otal, gidajen abinci da kamfanonin sufuri su kawar da duk shingen da za a iya kawarwa ba tare da wahala ko tsada mai yawa ba. Sai dai ba ta ambaci manyan jiragen ruwan shaƙatawa ba, waɗanda otal ne sukutum a kan ruwa. Kamfanonin suka sami kafa. Galibin jiragensu, ko da ofishinsu yana Miami kuma fasinjojinsu Amurkawa ne, an yi musu rajista ne a ƙasashe irin su Bahamas da Panama, inda haraji da dokokin ƙwadago suke da sauƙi. A al'adar teku kuma, dokar ƙasar da jirgi yake ɗauke da tutarta ita ce ke mulkin harkokinsa na cikin gida.

Douglas Spector da wasu fasinjoji sun hau jiragen kamfanin Norwegian Cruise Line daga Houston a 1998 da 1999, daga baya suka shigar da ƙara. Sun yi zargin cewa an karɓi kuɗi a hannunsu fiye da na sauran mutane, an ajiye kayan ceton rai a wuraren da ba za su iya kaiwa ba, an kuma sharɗanta musu tafiya da ɗan rakiya. Abin da ya fi ci rai a cikin ƙarar, a ganina, shi ne zargin cewa kamfanin ya ba kansa ikon sauke naƙasasshe idan zamansa ya takura wa jin daɗin sauran fasinjoji.

Kotunan ɗaukaka ƙara biyu suka saɓa wa juna: ɗaya ta ce dokar tana aiki a kan jiragen da ke da tutar waje, ɗaya ta ce ba ta aiki. A ranar 6 ga Yuni, 2005, Kotun Ƙoli ta raba gardama da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Mai Shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta babban ra'ayin: dokar tana hawa kan waɗannan jirage muddin suna cikin ruwan Amurka. Amma nasarar ba ta cika ba. Kotun ta ce ba za a tilasta gyaran da zai ci karo da ƙa'idojin tsaro na duniya ba, wato yarjejeniyar SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic. Ke nan farashi da mu'amala sun shiga hannun doka, ginin jirgin kansa kuwa aka bar shi a tsaka-mai-wuya.

Sauran gyaran a hankali ya zo. Ma'aikatar Sufurin Amurka ta fitar da ƙa'idojinta a 2010, ita ma Tarayyar Turai ta kafa nata a shekarar, na Turan kuwa suka fara aiki a Disamba 2012. A 2015 kamfanin Carnival ya yi sulhu da Ma'aikatar Shari'a: tarar dala 55,000, diyyar dala 350,000, da alkawarin mai da kashi 3 cikin ɗari na ɗakunan jiragen da za a gyara su dace da naƙasassu. Ga kamfani mai juya biliyoyin daloli, tarar ba ta kai kuɗin cefane ba. Alkawarin gyaran ne mai nauyi.

Kurame ba su sami irin wannan fitacciyar shari'a ba, alhali matsalarsu ta fi kusa da rai. Alamar gaggawa a jirgi ƙara ce: busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya, sannan sanarwa ta lasifika. Wanda ba ya ji, yana barci a ɗakinsa, ba abin da zai tashe shi. Shi ya sa manyan kamfanoni suke ba da fitila mai walƙiya da na'urar da ke girgiza gado, ko da yake sau da yawa sai fasinja ya nema tun kafin ranar tafiya.

Akwai kuma tashoshin da babban jirgi ba ya iya matsawa gaɓa. A can yakan tsaya nesa, a kwashi mutane a ƙananan jirage, ana saukowa ta matakala zuwa dandamalin da igiyar ruwa ke ɗagawa tana saukewa. Idan kyaftin ya ga akwai hatsari, mai keken guragu yakan wuni a cikin jirgi, yana hango garin da ya biya kuɗin ziyarta.