Tarihin Wata Baƙuwar Ciyawa a Tsibiran Midiwe

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun wata ciyawa guda ɗaya, domin mu nuna yadda tsiro kan zama shaida a hannun mai nazarin tarihi. Ciyawar kuwa ita ce wadda masana ke kira Verbesina encelioides. Dangi ɗaya take da shuwaka da latas, furenta rawaya ne, asalinta kuma ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka.  Amma da ta sauka a Midiwe sai ta zama annoba.

Midiwe 'yan tsibirai ne guda uku a tsakiyar Tekun Fasifik, kimanin kilomita 2,000 arewa maso yamma da birnin Honolulu. Duka-duka faɗinsu bai kai murabba'in kilomita bakwai ba. Wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Brooks ya ba da labarinsu a 1859, Amurka kuma ta mallake su a 1867. A lokacin babu mazauna sai tsuntsayen teku, babu kuma abin gani sai rairayi da ɗan tsiro jefi-jefi.

Sauyin ya soma ne a 1903, sa'ad da kamfanin da ke shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku ya kafa tasha a wurin. Ma'aikatan ba su iya zaman farin rairayi ba, saboda haka aka riƙa yi musu jigilar ƙasar noma, tan dubbai, daga Honolulu da Guwam, aka dasa itatuwa, aka yi lambuna. A nan ya kamata mu dakata. Ƙasar noma ba ta tafiya ita kaɗai. Da iri take tafiya, da ƙwari, da tururuwa. Watau tun kafin ciyawarmu ta iso an riga an share mata wurin zama. Jiragen saman Pan American suka biyo baya a 1935, sannan mayaƙan ruwa suka gina filayen jirgi, aka gwabza shahararren yaƙin nan da Japan a watan Yuni na 1942. Littattafan tarihi sun cika da labarin wannan yaƙi, ba sai mun maimaita ba.

A 1955 ne masana tsirrai suka fara ambaton ciyawar cikin rubutunsu game da Midiwe. Ɗabi'arta ce ta so ƙasar da aka tone ko aka baje, ga shi kuwa babu inda katafila ba ta taka ba a tsibiran. Tana girma cikin hanzari har ta kai kafaɗar mutum, tana zubar da iri mai ɗimbin yawa, irin kuma yana iya kwana a ƙasa shekaru bai mutu ba. Da sojoji suka rage harkokinsu, musamman a tsibirin gabas, sai ta mamaye tsofaffin filayen, ta yi duhu kamar gonar rama.

Wanda ya sha wahalar wannan shi ne tsuntsun albataros na Laisan, wanda kusan kashi 70 cikin 100 na jinsinsa ke sheƙa a Midiwe. Tsuntsu ne mai fikafikai kusan mita biyu in ya buɗe su, ba ya kuma iya tashi sai ya yi gudu a fili. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, a ƙasa. In ciyawa ta rufe wurin, iyaye sukan kasa kaiwa ga ɗansu da abinci, iska ba ta ratsawa, zafi ya yi masa yawa. Wanda ya rayu kuma sai ya sarƙe kafin ya kai bakin ruwa.

A 1996 aka miƙa tsibiran ga hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka, sojoji suka kammala ficewa a 1997. A ganinmu kuskure ne a ɗauka cewa ficewar mutum ita kaɗai za ta mayar da wuri yadda yake a da. Hukumar ta gaji ciyawar ne tare da gine-ginen. Shekarun farko an yi ta tuge ta da hannu ana yanka, tana komowa. Sai daga 2011 aka tsananta feshin magani, ana zagayawa fili-fili kafin sabon tsiro ya yi iri, ana kuma dasa ciyawar asali ta Hawai mai suna kawelu a gurbinta. Da haka aka ci ƙarfinta a tsibirin gabas, ta koma 'yan tsiro nan da can, waɗanda ma'aikata da 'yan sa kai suka ci gaba da bi suna kashewa saboda irin da ya saura a cikin ƙasa.