Tseren Motoci da 'Yan Kallo Masu Keken Guragu: Daga 1907 Zuwa Yau

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma 'yan'uwanmu kurame da ke bibiyarmu ta karatu.

Yau za mu leƙa filayen tseren motoci na Turai da Amurka. Na san wani zai ce mu da ba mu da Formula 1 a nan, me ya haɗa mu da wannan? To ka yi haƙuri ka biyo ni. Tambayar ita ce, mutumin da ke kan keken guragu, ya sayi tikiti da kuɗinsa, yaushe aka fara tanadar masa wurin da zai ga abin da ya biya ya gani?

Filin tseren mota na farko da aka gina musamman domin wannan harka shi ne Brooklands a Ingila, a 1907. Na Indianapolis a Amurka ya biyo baya a 1909. Shi kuwa Silverstone, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 ranar 13 ga Mayun 1950, asalinsa filin jiragen yaƙi ne na Yaƙin Duniya na Biyu, a tsakiyar gonaki. Ka ga ke nan tun farko ba don jin daɗin ɗan kallo aka tsara wurin ba. Ka zo, ka nemi tudu, ka tsaya a kan ciyawa.

Sannan girman wurin kansa matsala ne. Filin ƙwallo mita ɗari da 'yan kai ne, daga kujera ɗaya kana ganin komai. Zagaye ɗaya na Silverstone kusan kilomita 6 ne, na Spa a Beljiyam kilomita 7, ga hawa ga gangara cikin daji. Daga inda ka ajiye mota zuwa inda za ka zauna tafiya ce sosai ko ga mai ƙafa biyu, balle mai tura keke da hannu.

Abin da ya fara sa aka tuna da 'yan kallo, bala'i ne. Ranar 11 ga Yunin 1955 a Le Mans ta Faransa, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta yi tsalle ta tarwatse cikin jama'a, mutum fiye da 80 suka mutu. Daga nan aka shiga matsar da mutane nesa da titi, ana tara tudun ƙasa, ana kafa shinge, ana tsallakar da jama'a ta gadojin sama masu matakala. An ceci rayuka, wannan babu musu. Amma duba da kyau: tudu, shinge, matakala. Duk abin da aka ƙara don tsaro, katanga ce ga mai keke. Kuma ba mugunta ba ce, kawai babu shi a lissafi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan wasa ne da ke naƙasa mutanensa. Clay Regazzoni ya yi hatsari a Long Beach a 1980, ƙafafunsa suka shanye. A Maris ɗin 1986 Frank Williams, mai ƙungiyar Williams, ya kife da motar haya a kudancin Faransa bayan ya baro filin gwaji na Paul Ricard, ya karye a wuya. Watanni huɗu bayan nan aka turo shi a keke a Brands Hatch, jama'a suka miƙe suna masa tafi. Direbansa Nigel Mansell ya ci tseren, matarsa Ginny ce ta hau dandamali ta ɗaga kofin. A kan keken nan Williams ya jagoranci ƙungiyarsa ta ci kofin kamfanoni sau 7, kafin rasuwarsa a 2021. Sai dai shi mai ƙungiya ne, yana da masu kula da shi dare da rana. Talaka mai irin larurarsa da ke bayan shinge, keyar mutane yake kallo.

Canjin bai fito daga cikin wasan ba, daga titi ya fito. Ranar 12 ga Maris 1990 masu fafutuka a Washington suka sauka daga kekunansu suka rarrafa matakalar majalisar dokokin Amurka, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 8, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yulin shekarar Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka. Birtaniya ta yi tata a 1995, amma sashen da ya tilasta gyaran gine-gine sai a Oktoban 2004 ya fara aiki, daga baya dokar daidaito ta 2010 ta maye gurbinta.

Nan zan ɗan tsaya, don a nan darasin aikin yake. Ƙa'idar Amurka ta 1991 ta ce a babban fili a ware kusan gurbi 1 cikin kowane 100 ga masu keke, da kujerar ɗan rakiya a gefe. Masu filaye suka ware, amma a ina? A bayan layin mutane. To kowa ya san ɗan kallo. Da an zo wurin daɗi, za a wuce wani a kwana ko an zo zagayen ƙarshe, sai kowa ya miƙe tsaye. Mai keke kuwa yana nan zaune, a daidai lokacin da ya biya kuɗi dominsa ba ya ganin komai. A 1996 ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka masu shanyewar jiki ta kai masu gina wani sabon zauren wasanni a Washington kotu a kan wannan magana, kotu kuma ta yarda cewa gurbi ba tare da gani ba, ba shi dokar ke nufi ba. Ƙa'idar 2010 ta rubuta shi ƙarara: a ɗaga wurin yadda mai keke zai hango ta saman kawunan waɗanda suka tsaya. Amma an ba da da dama an karɓe da hagu, domin ita wannan ƙa'idar ce ta rage yawan guraben a manyan filaye zuwa kusan rabi. Fili mai kujera 100,000 da a da zai ware kusan 1,000, yanzu 500 da 'yan kai ne. Kuma tsofaffin gine-gine nauyinsu bai kai na sababbi ba, alhali yawancin shahararrun filayen tsere tsofaffi ne.

Ita hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, sai da aka yi wani hatsarin ta motsa. A Afrilun 2017 Billy Monger, ɗan shekara 17, ya daki wata mota da ta tsaya a Donington Park, aka yanke masa ƙafafu biyu. Ya ce zai koma tsere, sai aka tarar akwai ƙa'idar da ta hana naƙasasshe tuƙa motar tsere mai kujera ɗaya a gasar ƙasa da ƙasa. A ƙarshen shekarar aka soke ta, aka kuma kafa kwamitin kula da naƙasassu a hukumar, aka ba Nathalie McGloin shugabanci. Ita ma ta karye a wuya tana 'yar shekara 16, kuma tana tsere da motar da ake sarrafawa da hannu. A Yulin 2018 a Silverstone, ita ta miƙa wa Kimi Raikkonen kofin na uku, a kan kekenta, a saman dandamali. Shekara 32 ke nan bayan ranar Brands Hatch.

Yau a manyan filaye za ka samu dandamali masu tudu na masu keke, wurin ajiye mota kusa, banɗaki mai faɗi, wasu kuma ba sa karɓar kuɗin ɗan rakiya. An fara tunawa da waɗanda larurarsu ba a gani da ido, irin yaran da ƙarar inji da cunkoso ke firgitawa. Amma ruwan sama ɗaya kan tona asirin shiri. A 2012 taɓo ya cinye wuraren ajiye motoci a Silverstone har aka roƙi dubban masu tikiti su zauna gida ranar Asabar. A Agustan 2021 a Spa mutane sun yi sa'o'i cikin ruwa da caɓi, aka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro aka ce an gama. Ka ƙiyasta tayar keke a wannan taɓon.

Mu ma fa muna da irin takardar. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Bara na raka wani abokina mai keke kallon ƙwallo, mu huɗu muka ɗaga shi da kekensa muka hau matakala, ana bugun kusurwa kowa ya miƙe, ni na riƙa faɗa masa abin da ke faruwa. Waɗanda suka taɓa zuwa filin wasa ko kallon hawan sallah da keke ko sanda, ku rubuto mana a ƙasa inda aka ajiye ku da abin da kuka iya gani, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu.