Gubar Zaiba a Ruwaye da Fadamun Gusau, Tsafe da Bungudu

Zaiba wani ƙarfe ne mai kwarara kamar ruwa, mai ƙyalli irin na azurfa, wanda masu haƙar zinare ke amfani da shi wajen tace zinare daga niƙaƙƙen dutse. A jihar Zamfara an fi yin wannan aiki a ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Maru. Amma zaiba ba ta tsayawa inda aka zubar da ita, don haka lamarin ya shafi mutanen Gusau, Tsafe da Bungudu.

Yadda take shiga ruwa

Idan aka cuɗa zaiba da garin dutse, sai ta kama zinaren su zama curi. Ana ƙona curin, zaibar ta tashi ta zama tururi, zinaren ya rage. Tururin yakan bi iska ya sauka a gonaki da rijiyoyi, dusar da aka wanke kuwa ruwan damina ke kwashe ta zuwa rafuka, kududdufai da fadamu. Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bungudu kafin ya isa madatsar Bakolori, shi ne ke tattara ruwan da yawa daga cikin rafukan yankin.

Abin da ke faruwa a cikin laka

A ƙarƙashin ruwan da ya kwanta, inda iska ba ta isa, akwai ƙwayoyin halitta da ke juya zaiba ta koma wani nau'i mafi guba. Ƙananan halittun ruwa su sha, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, gubar tana taruwa a kowane mataki. Shi ya sa manyan kifaye masu cin kifi, irin su giwan ruwa da tsage, suka fi karfasa tara ta. Dafuwa, suya ko banda ba sa fitar da ita daga tsokar kifi.

An ga irin haka a Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka, inda a shekarar 2005 hukumomi suka gargaɗi jama'a game da cin wasu nau'o'in agwagin ruwa. A garin Minamata na Japan kuwa, a 1956 aka gano cutar da cin kifi mai zaiba ya haddasa. Sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018.

Illarta ga lafiya

Zaiba tana taɓa ƙwaƙwalwa, jijiyoyi da ƙoda. Alamominta sun haɗa da makyarkyatar hannu, mantuwa, mutuwar yatsu, raunin gani da tangaɗi wajen tafiya. Ɗan tayi da ƙananan yara ne suka fi shiga hatsari. Ba mu manta da annobar gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Dalma daban, zaiba daban, amma duk daga sarrafa dutsen zinare kusa da gidaje suke zuwa.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. Kada mu ƙona curin zinare a cikin gida, kasuwa ko kusa da yara.
2. A yi ƙonar a cikin rufaffiyar tukunya mai tare tururi, wadda ke mayar da zaibar a sake amfani da ita.
3. Kada a wanke dusar dutse a gulbi, rijiya ko fadama. A haƙa mata rami nesa da hanyar ruwa.
4. Masu juna biyu da masu shayarwa su fifita ƙananan kifaye, su guji kifin da aka kamo kusa da wurin wanki.
5. Wanda ya ga alamun da muka ambata ya je asibiti, ya kuma faɗi irin aikin da yake yi.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, sarakunan ruwa da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su san wuraren da ake wanki da ƙona a yankunansu, su sanar da Ma'aikatar Muhalli ta jiha. Zaibar da ta kwanta a lakar fadama takan shafe shekaru masu yawa, kuma ba a kwashe ta da sauƙi.