Allurar Ciwon Sukari Mai Daɗewa A Jiki: Ita Ce Ke Kawo Ƙiba?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga Wudil ta Jihar Kano, daga wani mai sauraronmu da ke dillancin shanu a kara, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shekararsa shida da ciwon sukari, yana yi wa kansa allurar insulin safe da yamma, irin mai fari-farin nan kamar tsinkakken nono. Wata huɗu da suka wuce likita ya canja masa zuwa wata mai garai-garai kamar ruwa, wadda ake yi sau ɗaya a rana. Tun daga nan, in ji shi, wando ya fara matse shi, da ya hau sikeli sai ya ga ya ƙaru da kilo uku. Yana tambaya: shin sabuwar allurar ce ke sa shi ƙiba? Ya rage ta ne, ko ya koma wa tsohuwar? Kuma wai mene ne asalin waɗannan allurai?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin mu yi nisa ga magana ɗaya: kada ka rage allurar nan da kanka, kada kuma ka koma wa tsohuwar sai da sanin likitanka. Dalilin haka kuwa yana cikin tarihin maganin, saboda haka sai ka gyara zama.

Ciwon sukari dai tsohon ciwo ne. Likitocin ƙasar Hindu na zamanin da sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin masu shi, har suka sa masa suna da ke nufin fitsarin zuma. Shahararren likitan nan Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, shi ma ya bayyana shi a littafinsa na likitanci. Abin da dukkansu suka gani shi ne, mai wannan ciwo yana ci, yana sha, amma sai ramewa yake yi. Ka riƙe wannan, domin nan ne bakin zaren amsarka.

A shekarar 1889 waɗansu likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa wani kare wata tsoka da ke kwance kusa da hanta da farkon hanji, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Nan da nan karen ya kamu da ciwon sukari. Aka gane ashe wannan tsoka ce ke fitar da wani ruwa da ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga naman jiki. Wannan ruwa shi ne insulin. To amma ganewa daban, samu daban. Shekara talatin da ɗoriya ana nema ba a dace ba. A tsakanin nan babu abin da likitoci ke da shi sai horon yunwa. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, ya yi suna a kan haka, watau a rage wa maras lafiya abinci har ya zama daga shi sai ƙashi da fata, don dai a ja masa kwana kaɗan.

Sai a shekarar 1921, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso ruwan, a ɗakin binciken John Macleod, sa'an nan James Collip ya tace shi har ya zama ana iya yi wa mutum. Kai da ke cikin harkar shanu, ga abin da zai ba ka sha'awa: daga kwata suka riƙa samo fankiriyas ɗin shanu suna tatsa. Watau abin da mahauci bai ɗauka da muhimmanci ba, shi ne ya zama maganin da ya ceci miliyoyin mutane.

A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, wanda a lokacin nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Yaron ya farfaɗo, ya yi jiki, ya ƙara shekara 13 a duniya. A watan Agusta na wannan shekara aka kawo wa Banting wata yarinya, Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin wajen Amurka na lokacin. Tana dab da cika shekara 15, amma nauyinta kimanin kilo 20 ne kacal, saboda ciwo da horon yunwa. Kafin shekara ta zagayo nauyinta ya ninka har ya zarce. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ba ta rasu ba sai a 1981. Ka ga ke nan, Malam, tun ranar farko da ƙarin nauyi aka san insulin, kuma a wancan zamani da shi ake gane cewa magani ya kama.

Sai dai insulin na farko ba ya daɗewa a jiki. Bayan 'yan sa'o'i ya ƙare, dole a yi ta allura sau uku, sau huɗu a rana, wani ma sai an tashe shi cikin dare. Wani likita a ƙasar Danmak, Hans Christian Hagedorn, shi ne ya samo dabara a shekarar 1936. Ya haɗa insulin da wani sinadari da ake samu daga maniyyin kifi, wanda ke sa maganin ya riƙa narkewa sannu a hankali a ƙarƙashin fata. A 1946 aka inganta haɗin, aka sa masa suna NPH, harafin ƙarshe kuwa na sunan Hagedorn ne, ya kuma shiga kasuwa a 1950. Wannan ita ce mai fari-farin da ake mirzawa a tafin hannu kafin a zuƙa. Tsohuwar allurarka ko dai ita ce, ko kuwa gaurayen da ke ɗauke da ita, irin su Mixtard. Tana aiki kamar rabin yini ko fiye, amma ƙarfinta yakan taru ne a tsakiya, shi ya sa wanda ya yi ta da yamma sukarinsa kan faɗi cikin dare.

A shekarar 1982 aka fara sayar da insulin irin na jikin ɗan Adam, wanda ake sarrafawa a masana'anta da taimakon ƙwayoyin halitta, ba daga saniya ko alade ba. Duk irin da za mu ambata nan gaba ta wannan hanya ake yin su. A shekarar 2000 aka fito da glargine, wadda aka fi sani da Lantus, mai kai kusan sa'a 24 tana aiki a miƙe ba hawa ba sauka sosai. A 2004 Levemir ta fito a Turai, a 2013 Tresiba ta biyo baya, ita kam tana wuce sa'a 40 a jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan allurai cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, a 2024 kuma Turai ta amince da wadda ake yi sau ɗaya a mako.

Ba kai kaɗai aka yi wa canji ba. Wani likita ne ke canja masa don gudun faɗuwar sukari da dare, wani kuma kasuwa ce ke tilasta shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin insulin ya tashi ƙwarai, ga shi daga waje ake shigo da shi. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Sanofi mai yin Lantus ya sanar zai miƙa rabon magungunansa a Nijeriya ga wani kamfani. Kamfanin da ke yin Levemir kuma ya daina sayar da ita a Amurka a ƙarshen 2024, ya ce zai janye ta daga sauran ƙasashe sannu a hankali.

To yanzu mu zo kan ƙiba. Ka ɗauki jikin mai ciwon sukari kamar buhun gero mai huji. Idan sukarin jini ya haura kimanin 180 a na'urar awo, ƙoda sai ta fara zubar da shi ta fitsari. Mutum ya ci tuwo, amma wani kaso na tuwon ya bi rariya. Da zarar allura ta daidaita sukari, an ɗinke hujin ke nan. Abincin da ka saba ci jiya shi kake ci yau, amma yanzu duk yana zama a jiki. Idan sabuwar allurarka ta fi tsohuwar riƙe maka sukari, to mafi yawan kilo ukun nan daga nan suka fito. Abu na biyu, idan awon allurar ya yi wa mutum yawa sukarinsa kan yi ƙasa, sai yunwa, da rawar jiki, da gumi, ya yi ta ciye-ciye don ya farfaɗo, wani ma don tsoro yake ci tun abin bai zo ba. Abu na uku, insulin kan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa kaɗan, musamman a makonnin farko.

Masana sun auna wannan abu. A Birtaniya an yi wani babban bincike kan dubban masu ciwon sukari irin na manya, aka fara a 1977, aka bayyana sakamako a 1998. Waɗanda aka sa wa insulin sun fi waɗanda aka bari a kan kula da abinci ƙarin nauyi da kimanin kilo huɗu cikin shekara goma. Amma waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauka, lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin ta ido da ƙoda, ta ragu musu da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka gwada allurai masu daɗewa da junansu kuwa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Lantus da NPH kusan ɗaya suke wajen ƙarin nauyi, haka ma Tresiba da Lantus. Levemir ce kaɗai ta ɗan yi ƙasa, da kimanin kilo ɗaya a shekara ko abin da bai kai ba. Saboda haka komawa ga tsohuwar allura ba zai kwance maka wando ba.

Wanda ya rage allura don ya rame, lalle zai rame, amma ramar ciwo ce, irin wadda Ibn Sina ya gani. Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido, a nan kuwa idon ne na gaske ake rasawa, ga ƙoda, ga ƙafa. Haka kuma kada 'yan kara su ruɗe ka da cewa ka yi tumbi kuɗi sun zauna. Kitsen ciki yana sa jiki ya ƙi jin insulin, a ƙara awo, nauyi ya ƙaru, a sake ƙarawa.

Abin da ya kamata ka yi shi ne, ka riƙa auna sukarinka da asuba kafin ka ci komai, kana rubutawa, ka kuma hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako. Ka kai wa likitanka wannan takarda, ko a Babban Asibitin Wudil ko a Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Idan awo yana sauka ƙasa da 70, ko kana farkawa cikin dare da gumi da yunwa, ka gaya masa, wataƙila awon allurar ne ke son ragi, shi ne kuma zai rage. Ka tambaye shi batun ƙwayar metformin, domin ga mai ciwon sukari irin na manya takan taimaka wajen rage ƙarin nauyin, in dai ƙodarsa lafiya take. Idan sukari ya faɗi, ƙaramin cokali uku ko huɗu na sukari a ruwa ya isa, ka jira minti 15 ka sake aunawa, ba sai ka shanye ƙwaryar fura ba.

Ka dubi kwanonka kuma. Ka rage malmalar tuwo, da shayi mai sukari, da lemon kwalba, ka ƙara wake, da zogale, da rama, da kifin kogin nan naku. Ranar Juma'a kana yini a tsaye cikin shanu, da damina kana gona, a irin waɗannan ranaku sukari kan sauka, da rani kuwa idan zama ya yi yawa nauyi kan hau, sai ka riƙa taka ƙafa kamar rabin sa'a kullum. Kafin azumi ma ka koma a daidaita maka awo. Idan za ka sayi magani a kemis, ka duba lambar da ke jikin kwalba ta yi daidai da ta jikin sirinji. Wanda ya zuƙi insulin mai lamba 100 da sirinji mai lamba 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa.

Daga ƙarshe, akwai ƙarin nauyin da ba a jira da shi. Idan ka ga kilo biyu ko uku sun hau cikin 'yan kwanaki, ƙafafu sun kumbura, ko numfashi na yi maka wuya in ka kwanta, wannan ruwa ne ba kitse ba, yana iya zama zuciya ko ƙoda, sai a tafi asibiti a ranar.