Yaƙin Duniya na Biyu a Kyamarar Japanawa

A Arewacin Najeriya akwai gidajen da kakanninsu suka je Yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Arakan. Labarin da suka dawo da shi na maƙiyi ne mai taurin kai, wanda ba ya miƙa wuya. Amma finafinan tarihin da Japanawa suka shirya da kansu wani soja suke nunawa dabam: mai fama da yunwa da zazzaɓi, wanda manyansa suka yi watsi da shi.

Abin ya samo asali tun ana tsakiyar yaƙi. Rundunar sojan Japan ta ɗauki nauyin Kamei Fumio ya bi dakarunta zuwa Wuhan a ƙasar Sin, don ya kawo fim na kirari. Abin da ya kammala a 1939 ya nuna sojoji sun galabaita suna gyangyaɗi, da manoman Sin da aka raba da gidajensu, da wani dokin soja da aka bari a hanya yana tangaɗi har ya faɗi. Hukuma ta hana nuna fim ɗin, a 1941 kuma ta tsare Kamei. Bayan yaƙi ma bai tsira ba, domin a 1946 Amurkawan da suka mamaye ƙasar sun ƙwace wani fim nasa da ya taɓo alhakin Sarki Hirohito.

A 1987 Hara Kazuo ya fitar da fim a kan Okuzaki Kenzo, tsohon sojan da ya rayu daga fagen Niyu Gini. Okuzaki ya riƙa bin tsofaffin hafsoshi gida-gida, wani lokaci har da duka, sai sun faɗi dalilin harbe sojoji biyu bayan an riga an daina yaƙi. A zaune kan tabarmar ɗakunansu, dattawan suka fara furta abin da suka ɓoye shekara arba'in: yunwa ta kai sojoji ga cin naman mutum.

Ranar 15 ga Agustan 2017 tashar NHK ta Japan ta nuna shiri kan farmakin Imfal na 1944. Janar Mutaguchi Renya ya tura mutum kusan 90,000 daga Bama su ƙetare kogin Cindwin da tsaunuka zuwa Indiya, da guzurin mako uku kacal, bisa zaton za su ci daga rumbunan Turawan Ingila. Damina ta sauka, abinci ya ƙare, atuni da zazzaɓin cizon sauro suka shiga. Kimanin 30,000 suka mutu. Shirin ya bi takardun wani ɓangare na mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano fiye da rabinsu sun rasu ne bayan an dakatar da farmakin, a hanyar komawa da waɗanda suka rayu ke kira hanyar fararen ƙasusuwa.

Waɗannan finafinai ba su tsaya ga kukan kai ba. Kwana biyu kafin shirin Imfal, NHK ta saki muryoyin da aka naɗa a shari'ar Habarofsk da Tarayyar Sobiyet ta gudanar a 1949, inda jami'an Rukuni na 731 na sojan Japan suka bayyana da bakinsu yadda aka gwada ƙwayoyin cuta a jikin fursunoni a Mancuriya, akasarinsu 'yan Sin. Shirin ya kuma ambaci sunayen likitocin da aka ɗebo daga manyan jami'o'in Japan domin wannan aiki.