Sitiyarin Jaguar XK120: A Canza Ko A Bari?

A 1948 kamfanin Jaguar ya fito da XK120 a Landan. Ga gudu, amma sitiyarinta akwati ne mai ƙwallayen ƙarfe, in ya tsufa sai ya riƙa wasa kafin taya ta amsa. Motar tserensu C-type, wadda ta ci gasar Le Mans a 1951, rak gare ta, wato sanda mai haƙora da ɗan giya ke turawa hagu da dama. Sai a 1954 XK140 ta samu irinsa.

Shi ya sa yau wasu masu XK120 ke cire akwatin su ɗaura rak. Amma fa in makanike bai daidaita zamansa ba, kana faɗawa rami motar za ta karkace da kanta. Masu tara tsofaffin motoci kuma su ce an ɓata asali. Ni dai zan sa rak, amma akwatin ba zan sayar ba.