Ƙashin Ƙwauri: Daga Tsoron Mutuwa Zuwa Tsoron Kuɗin Magani

Duk wanda ya shafa gaban ƙwaurinsa zai ji ƙashi kwance a ƙarƙashin fata, babu tsokar da ta lulluɓe shi. Shi ya sa idan ya karye yakan huda fata ya leƙo waje, ƙura da datti su sami hanyar shiga. Jinin da ke ciyar da sashensa na kusa da idon sawu kuma kaɗan ne, don haka yakan yi nawar haɗewa. Abin da na fahimta daga tarihin jinyar wannan ƙashi shi ne, abu mai araha da aka yi da wuri ya fi abu mai tsada da aka yi a makare.

A Turai, har tsakiyar ƙarni na 19, buɗaɗɗiyar karaya, wato wadda ƙashi ya huda fata, kusan hukuncin kisa ce. Rauni ya yi mugunya, nama ya ruɓe, zazzaɓi ya kama majinyaci, sai mutuwa. Dabarar likitoci ita ce su yanke ƙafar tun kafin ruɓa ta haura sama. A 1756 doki ya kayar da Percivall Pott, likitan fiɗa na Landan, ƙashin ƙafarsa ya huda fata. Ya ƙi yarda a cusa shi cikin keken doki, ya sa aka sayo ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi a kai don kada karayar ta motsa. Abokan aikinsa sun shirya yanke ƙafar, tsohon malaminsa Edward Nourse ya hana, Pott kuma ya warke da ƙafarsa. Shi gwani ne da ya san yadda zai kare rauninsa tun daga bakin hanya. Talakan zamaninsa ba shi da wannan gata.

Babban sauyi ya zo ranar 12 ga Agusta, 1865, a birnin Gilasgo na Sikotilan. Amalanke ta taka ƙwaurin wani yaro ɗan shekara 11 mai suna James Greenlees, aka kai shi wurin Joseph Lister. Lister ya riga ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa wasu halittu da ido ba ya gani su ke haddasa ruɓa. Sai ya jiƙa ƙyalle da sinadarin kabolik mai kashe ƙwayoyin cuta, ya rufe raunin, ya ɗaure ƙafar. Bayan mako 6 ƙashi ya haɗe ba tare da ruɓa ba. A 1867 ya wallafa bayanin majinyata 11 masu irin wannan karaya, mutum ɗaya kaɗai ya rasu. Kabolik ba abu ne mai tsada ba. A lokacin har a magudanar ƙazanta ake zuba shi don kashe wari.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 sun tabbatar da darasin. A yaƙin basasar Sifaniya, daga 1936 zuwa 1939, Josep Trueta na Basalona ya riƙa gaggauta wanke rauni, ya yanke duk mataccen nama, sannan ya rufe ƙafar da filasta, wadda mutanenmu ke kira siminti. Cikin majinyata 1,073 da ya yi wa haka, 6 ne suka mutu, alhali maganin fenisilin bai shiga asibitoci ba tukuna.

Da rai ya fara tsira, sai hankali ya koma kan miƙewar ƙashi. A 1939 Gerhard Küntscher na Jamus ya fara zura dogon ƙarfe cikin ramin ɓargo don ya riƙe karaya daga ciki, a 1958 kuma wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, wadda ta daidaita amfani da faranti da kusoshi. Amma ƙarfe ya zo da tasa fitinar. Ƙwayoyin cuta sukan manne a jikinsa su lulluɓe kansu da wata yauƙi, ta yadda magani ba ya iya kai musu. Ƙashin da ya kamu da cuta ba ya haɗewa, wanda bai haɗe ba kuma yana motsi, motsin yana ƙara ba cutar wurin zama. Mafita a nan ita ce a sake tiyata, a cire ƙarfen, a kankare mataccen ƙashi, a shafe makonni ana allura.

Labarin Valery Brumel ya nuna nisan wannan wahala. Shi ne ɗan Tarayyar Sobiyat da ya ci zinare a tsallen sama a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. A 1965 ya yi hatsarin babur, ƙwaurinsa na dama ya farfashe. Kusan shekara 3 ana yi masa tiyata a kai a kai, ciwo bai warke ba, sai a 1968 da ya je garin Kurgan wurin Gavriil Ilizarov. Shi wannan likita ya ƙera zobban ƙarfe da ake kafawa a wajen ƙafa, ana jan ƙashi kimanin milimita 1 a kowace rana, sabo yana tsirowa a gurbin wanda ya lalace. Brumel ya warke, amma gwarzon ƙasa ne da gwamnati ta tsaya masa.

A ƙasar Hausa ɗori sana'a ce ta gado tun kafin zuwan Turawa. Mai ɗori yakan ja ƙafa ya daidaita ƙashi, ya jera karare ya ɗaure, kuma ba na shakkar cewa karaya da yawa da ba su huda fata ba sun warke a hannunsa. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ya fara aiki a 1945, na Dala a Kano kuma a 1959. Sai dai tun daga ƙarshen shekarun 1980, da sana'ar acaɓa ta bazu, irin karayar ta sauya. Ƙwaurin mai babur daidai yake da gaban mota, kuma raunin da ke fitowa daga irin wannan karo cike yake da ƙasa da ɓaraguzan ƙashi. Idan aka ɗaure shi tamau ba a wanke ba, kumburi ya toshe jini, nama ya mutu. Rabe-raben da Gustilo da Anderson suka fitar a 1976, wanda likitoci ke bi har yau, ya kasa buɗaɗɗiyar karaya gida 3 bisa girman rauni. A mafi sauƙi da wuya cuta ta shiga, a mafi muni kuwa tana iya kama kusan rabin majinyata.

Ana yawan ɗora laifin jinkirin zuwa asibiti kan jahilci. Ni ina ganin lissafi ne. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fita. Iyalin wanda ya karye za su biya kuɗin hoto, jini, ƙarfe, gado da magani, galibi kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, alhali mai neman abincin gidan shi ne ke kwance. Mai ɗori kuwa yana kusa, yana karɓar abin da ya samu, yana kuma ɗaga ƙafa. Kwanakin da ake yi ana haɗa gudummawa ko neman mai sayen gona, su ne kwanakin da ƙwayoyin cuta ke kafa gindi. Daga nan tiyata ɗaya ta zama uku, jinyar watanni ta zama ta shekara, wanda ya guji ƙaramin kashi ya faɗa babba.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, amma har yanzu mafi yawan masu acaɓa da manoma ba sa ciki. Kafin ta game kowa, akwai abin da ya fi gaggawa. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a yi wa mai buɗaɗɗiyar karaya allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa 1 da samun rauni. Wannan allura, da wanke rauni, da cire mataccen nama, su ne mafi araha a duk jinyar, su ne kuma ke yanke hukunci kan sauran. Ya kamata a yi su kyauta a kowane babban asibiti ba tare da an tambayi ko sisi ba, a kuma jawo masu ɗori a jiki, a yarda da su a kan cewa duk karayar da ta fitar da jini a tura ta asibiti nan take. Shekara 160 ke nan da Lister ya nuna hanyar. Abin da ya rage shi ne a yanke shawarar wanda zai biya kuɗin awa ta farko.